Shekarar da Na Rufe Babu Gauraka

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya riƙe tsuntsu a sarari ba da igiya ba, ya ciyar da shi ba tare da rumbu ba, ya kuma sanya jinjirin wata ma'aunin kwanakin bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu, cikamakin manzanni, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ni mutum ne mai wata ɗabi'a wadda mutanen unguwarmu a Kaura Namoda suka daɗe da daina mamakinta. Kowace shekara, ranar ɗaya ga Muharram, nakan ɗauko farar takarda guda, in feƙe alƙalami, in rubuta shekarar a samanta da ajami. Daga ranar har shekara ta zagayo, duk irin tsuntsun da idona ya gani nakan rubuta sunansa sau ɗaya. Ko kurciya dubu na gani, layi ɗaya ne nata. In Zulhajji ya ƙare sai in ƙirga layukan, in rubuta jimla a ƙasa, in sa takardar cikin gafaka tare da 'yan'uwanta. Takardun sun haura talatin yanzu. Na farkon sun yi ja, gefensu ya fara cinyewa, amma ana karanta su.

Asalin abin daga mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ko da yake shi bai taɓa kula tsuntsu ba sai in ya sauka a kan geronsa. Ya yi shekaru yana zaman muhuti, mai taimaka wa alƙali a kotu, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne mutum ya ce ya gani alhali ji ya yi. Na sha ganinsa yana tsare mai shaida da tambaya: ina kake tsaye, ina rana take, mene ne tsakaninka da abin, har mutum ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya gaya masa aka yi. Da ya rasu na gaji littattafansa, na gaji zaurensa da masu ɗaukar karatu, ban gaji kujerarsa ba, ban kuma neme ta ba. Sai na ga ina bukatar wani wuri da zan riƙa horar da harshena a kan kalmar nan ta gani, wurin da babu haƙƙin kowa a ciki, kuma tsuntsu ba ya kai ƙara. Na samu a cikinsa kuma abin da ban nema ba, wato tsayawa kullum a gaban halittar Ubangiji da ido buɗe.

Saboda haka sharuɗɗana sharuɗɗan shaida ne. Sai na ga tsuntsun da idona, da hasken rana, gani irin wanda zan iya rantsuwa a kansa. Kuka ba ya isa, domin na san mafarautan da ke kwaikwayon kukan fakara har ta amsa musu. Labarin wani ba ya isa ko da liman ne. Sannan sai tsuntsun yana da mulkin fukafukansa, in ya ga dama ya tashi ya bar ni tsaye. Wanda ke cikin keji, da wanda ke rataye a kafaɗar maharbi, da wanda aka ƙyanƙyashe a akurki, babu mai shiga. Saboda sharaɗin farko mujiya ta sha ɓacewa daga takarduna, alhali tsamiyar bayan gidanmu gidanta ce. Sai shekarar da na yi sa'a na tarar da ita tana gyangyaɗi da hantsi.

A shekarun farko ƙafata ba ta da iyaka. Nakan tafi Zurmi wurin dangin mahaifiyata in yi kwana uku ina bin bakin daji, in dawo da burtu da tuje da gaggafa. Nakan bi ta Kurya Madaro da ƙafa in ruwa ya sauka, in tsaya inda zalɓe ke tsayawa har rana ta yi zafi. Yanzu kowa ya san abin da ya sami hanyoyin nan, ba sai na ɓata tawada a kan mutanen da suka mai da daji mayanka ba. Allah ya isar wa bayinsa. Tuje ya fara fita daga takarduna, burtu ya bi shi, har ungulu, wadda a da ba ka yanka akuya ba ta zo ta tsaya maka a ka ba, ta zama abin nema. Cikin manyan tsuntsaye guda ɗaya ne bai taɓa saɓa mini ba tun takardar farko, shi ne gauraka: dogon tsuntsun nan mai baƙin jiki da farin fiffike, mai tukku kamar an dasa masa zangarniyar zinariya a ka, wanda ke taka fadama a hankali kamar mai tsoron ɓata tufafinsa. Kowace shekara, ko sau ɗaya ne, ko daga nesa ne, sai na gan shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na ɗora wa layin nan nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ina ji a raina muddin gauraka na cikin takarda, ƙasar da na tashi a cikinta ba ta gama tafiya ba.

Ana nan sai taubashina ya yi ritaya ya dawo gida. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, na girme shi da shekara huɗu. Ya yi aikin gwamnati a birni har furfura ta cim masa, ya dawo da tumbi da lokacin da bai san yadda zai yi da shi ba. Wasan da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ya ba shi izinin taɓa abin da ɗalibaina ba sa kusanta. Wata rana ya buɗe gafakar, ya ga takardun, ya sa na karanta masa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Bayan wata biyu sai ga shi da madubin hangen nesa rataye a wuya, da wani littafin Turawa mai hotuna, da waya wadda aka sa wa wata dabara: in tsuntsu ya yi kuka sai a ɗaga ta sama, ta saurara, ta rubuto suna. Ya ce shi ma ya shiga sana'ar, kuma zai nuna mini yadda masu ilimin zamani ke yin ta.

Ban taɓa ganin an wulaƙanta abu da sauri irin haka ba. Shekararsa daga Janairu take farawa, watan da ba a ɗaga kai sama kafin a shige shi. Yakan zauna a kujerar roba a ƙofar gidansa, ya ɗaga waya, idonsa na kan masu wucewa, in ta yi ƙara ya duba ya ƙara lamba. Ranar kasuwa yakan bi layin masu sayar da tsuntsaye, ya leƙa keji-keji, ya rubuta kanari da aku da tsirya. Ya rubuta talo-talon maƙwabcinsa. Akwai ranar da wayar ta ji ƙarar injin niƙa na bakin titi, ta ba shi sunan wani tsuntsu da bai taɓa taka ƙasar nan ba, ya rubuta, ya aika wa wasu abokansa na waya da ba su taɓa ganin fuskar juna ba, suka yi ta yi masa barka. Cikin wata huɗu ya wuce abin da na tara a shekarar da ta fi kowace albarka.

"Ɗan kawu," in ji shi, "shekara talatin kana bin ciyawa da raɓa, ga shi na wuce ka ina zaune. Mi ya hi wannan daɗi?"

Na ce, "Bawa, in kana son ka ninka, shiga akurkin gidanka ka ƙirga kaji launi-launi."

"A'a, kaji iri ɗaya ne. Ni ma ina da ƙa'ida."

"Ashe."

"Kai dai hassada ta kama ka. Malamin da ya karance littattafan ubansa, waya ta kada shi."

Na ƙyale shi, domin bai ma san abin da ake jayayya a kai ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta, ƙarshen Zulhajji ya faɗo cikin damina. Watanni suka shige, azumi ya wuce, aka yi layya, ban ga gauraka ba. Fadamun da na saba samunsa, biyu sun shiga hannun mutanen daji, ɗaya an nome ta har bakin ruwa. Kowace safiya in na sallami masu karatun asuba sai in fita bakin gulbi in tsaya, in ga belbela da shamuwa da kirinjijiya, waɗanda tuni suke cikin takarda, in dawo. Kwanakin watan suna raguwa, abinci ya daina yi mini daɗi. Taubashina ya lura, domin wautarsa ba ta taɓa hana shi gane inda ke yi wa mutum ciwo ba.

Wata la'asar ya zo ya ce in sa rigata, ya samo mini magani. Ya kai ni gidan wani attajiri a bayan tashar jirgi, aka buɗe mana ƙofar ƙarfe. A tsakar gida, a kan siminti, kusa da inda ake wanke motoci, ga gauraki biyu. An karya musu gaɓar fiffike tun suna ƙanana, tukkunsu ya yi dauɗa, suna tsintar tsakin masara a cikin murfin bokiti. Ɗayan ya tako ya tsaya gabana yana jiran in ba shi wani abu, kamar akuya. Mai gidan ya fito yana sakace haƙori, ya gaya mana da su uku ne, kare ya kashe ɗaya. Yana faɗa yana kallon fuskata ko zan yaba masa.

"To ga shi," in ji taubashina. "Da idonka, da hasken rana, ba waya ba labari. Ka samu, mu tahi."

Na ce, "Kora shi ya tashi."

"Yaya za ya tashi, an gyara shi?"

Kalmar da ya zaɓa ke nan, gyara. Na ce masa ranar da tsuntsun ya tashi ya zo ya kira ni. Na yi wa mai gidan godiya gwargwadon abin da ladabi ya wajabta, na fito. Ba mu kai bakin titi ba taubashina ya tsaya ya buga gauraka cikin lissafinsa.

Ranar ashirin da bakwai ga wata, wani direba mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, dattijo ne wanda ya taɓa ɗaukar fiƙihu a zaurena, ya tsaya bayan sallar azahar ya ce manoman Katuru sun gaya masa gauraki biyu na sauka a fadamarsu kwanan nan. Ya ce hanyar da sauƙi a makon, in dai an bi ta da hantsi cikin jerin motoci, a kuma kwana can. Mai ɗakina ba ta so ba. Ta ce tsoho mai jikoki zai sa kansa a hanyar Shinkafi saboda tsuntsu, me za ta gaya wa mutane in wani abu ya faru. Ban musa mata ba, gaskiya ta faɗa. Na yi istihara, na sami natsuwa, na ce za ni. Limamin Katuru abokin karatuna ne tun muna samari, na daɗe ban ziyarce shi ba, sai na haɗa niyya biyu, ban kuma ɓoye wa kaina wadda ta fi nauyi ba.

Na so tashi washegari, ashirin da takwas. Taubashina ya ji, ya ce ƙafarsa ƙafata, sai dai madubinsa yana wurin mai gyara, a jira shi kwana ɗaya. Na jira shi saboda haƙƙin gwaggona da ke kabari, kuma wannan kuskurena ne, ba na ɗora shi a kan kowa. Ranar ashirin da tara muka isa tasha da sassafe, motar farko saura mutum biyu, ya leƙa ya ga kujerar baya ce, ya ce gwiwoyinsa ba za su iya ba, shi gidan gaba yake zama tun yana ofis. Motar ta tafi. Ta biyun ba ta cika ba sai da rana ta take, ruwa kuma ya tsare mu a hanya. Ba mu shiga Katuru ba sai bayan la'asar.

Muka gaisa da liman a gurguje, ya haɗa mu da wani manomi, muka fita fadama. Shinkafa ta yi kore shar, ruwa ya kwanta ko'ina, sauro ya fara tashi. Muka tsaya a kan wani ɗan tudu. Na ga dinya, na ga jinjimi, zakaran ƙeƙuwa ya yi ta zagaya mu yana zagi. Rana tana gangarawa cikin gajimare. Can, daga bayan wata duhuwar itatuwa, sai muka ji shi, kukan nan mai kauri kamar an busa ƙaho sau biyu. Wanda ya taɓa jin sa ba zai ɗauke shi da wani abu ba. Na buɗe ido har suka kawo ruwa. Taubashina ya miƙo mini madubinsa, na karɓa, abin da ban taɓa yi ba, na duba, ban ga komai ba sai ganye. Na ce mu matsa. Manomin ya ce bayan itatuwan nan ba a zuwa da yamma. Bai yi bayani ba, mu ma ba mu nema ba.

"Ka ji da kunnenka," in ji taubashina. "Wanga dai ba injin niƙa ba ne."

"Na ji."

"To?"

"To na ji."

Aka kira magariba muna shiga gari. Bayan sallah muka fito bayan masallaci muka fuskanci yamma, kamar yadda ake yi kowane ashirin da tara ga wata, ko da yake watan Muharram ba ya tara jama'a irin na azumi. Mu ne tsofaffi bakwai ko takwas. Hadari ya rufe yamma ruf. Garin babu sabis, wayar taubashina ta yi shiru, rediyon liman kuwa batirinsa ya mutu tun kafin Sallah. Liman ya ce bisa ƙa'ida, tunda an rufe mana sama, gobe talatin ga Zulhajji, sai fa in tabbataccen labari ya zo. Na san hukuncin nan tun ina karatun farko, amma ban taɓa jin daɗinsa kamar ranar ba. Na ga an ƙara mini yini guda.

Da muka sallame asuba muka koma tudun. Gari ya waye sarai, an wanke sama, rana ta ɗago kamar tsawon mashi. Sai ga su sun fito daga bayan itatuwan, su biyu, a sama, wuya a miƙe gaba, ƙafafu a miƙe baya, farin fiffike yana ɗaukar ido. Suka sauka a tsakiyar fadama, nisan da zan iya kai jifa lokacin ƙuruciyata. Na ga jan kumatu, na ga tukku, hasken rana ya bi ta cikinsa. Ɗayan ya buɗe fukafukai ya yi tsalle, ya rusuna, ɗayan ya amsa masa, suka yi ta yi. Na yi tasbihi abin da ya sawwaƙa. Taubashina a lokacin yana fama da wayarsa yana neman hoto, ya matsa gaba ba ya kallon ƙasa, ya zame ya zauna daɓas cikin taɓo. Ƙarar faɗuwarsa da salatinsa suka tashe su. Ban ji haushi ba, domin tashin nasu cikon shaida ne. Ba na tafiya da takardar, tana gida cikin gafaka, don haka na riƙe abin a zuciya: gauraka, Katuru, talatin ga Zulhajji.

Muka yi sallama da liman, muka iso Shinkafi kafin azahar. A tasha, muna jiran mota ta cika, wani mai goro da ya san ni ya taso ya rusuna ya ce, "Malam, barka da shiga sabuwar shekara, Allah ya maimaita muna." Na ce gobe dai, in Allah ya kai mu. Ya ce a'a, ai jiya an ga wata a garuruwa da dama, an tantance, an yi sanarwa daga Sakkwato, yau ɗaya ga Muharram. Na tashi na nemi mutum biyu masu kamala, kowa daban, na tambaye su, suka faɗi haka. Wayar taubashina kuma ta farfaɗo, ta cika da saƙonnin barka da shekara. Wannan karon gaskiya ta faɗa.

Yini a wurinmu daga faɗuwar rana yake farawa. Ke nan shekarar ta ƙare tun muna tsaye bayan masallacin Katuru muna kallon hadari, kuma gaurakin da na gani da safe na sabuwar shekara ne. Abin da tsohuwar ta samu kuka ne daga bayan itatuwa. Mota ta cika, na yi addu'ar hanya, muka komo Kaura.

Bayan la'asar na zauna a zaure, na ɗauko gafaka da tawada. Taubashina ya biyo ni, ko wandon taɓon bai sake ba, ya zauna a kan buzuna.

"Ɗan kawu, tsaya in yi maka fatawa. Kai ka ga wata?"

"Ban gani ba."

"Limamin garin da kake ya ce mi?"

"Ya ce talatin, in labari bai zo ba."

"Labarin ya zo kahin ka ga tsuntsu, ko bayan ka gani?"

"Bayan na gani."

"To shi ke nan! Kai da ba ka karɓar labarin kowa a kan tsuntsu ko da liman ne, yau ka karɓi labarin mai goro a kan wata? Ka ga ka saɓa wa ƙa'idarka da kanka."

Na yarda wannan ita ce magana mafi wayo da na taɓa ji daga bakinsa tun muna yara, kuma wayon nata bai wuce na mai neman ƙofar baya ba. Na ce masa, "Bawa, a kan tsuntsu ni ne mai shaida, dole in gani. A kan wata kuwa shari'a ba ta ce kowa ya gani ba, adilai biyu sun isar wa jama'a. Da sanarwar nan na ɗauki azumi, da ita na ajiye shi, da ita na yanka ragona kwana ashirin da suka wuce, kai ka cinye hantar. In na ƙi ta yau saboda tsuntsu, sai in ce ragon ma ban san ranar da na yanka shi ba. Rashin sani ya ɗauke mana laifi a Katuru, amma bai mai da ranar baya ba."

Ya daddanna wayarsa ya ce akwai kalandar wata ƙasa a ciki, a lissafinsu yau talatin. Na ce in ya koma ƙasar da zama ya yi aiki da ita. Da ya ga duk bai ci ba, sai ya sauke murya, ya yi irin maganar da yake ganin ta masu hankali ce.

"Don Allah wa za ya sani? Wa ke duba takardun ga? Ɗiyanka ajamin ma da ƙyar suke haɗa shi. Ranar da ka mutu gara ce magajiyarsu. Rubuta abinka ka ji sanyi, tsoho."

Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana sa hannu a takardun jama'a, hujjar da ya dawo gida da ita ke nan. Na dube shi, na tuna irin gadojin da ake cewa an gina, da rijiyoyin da ake cewa an haƙa, na gane da irin wane alƙalami aka rubuta su. Ban faɗa masa ba, saboda gwaggo.

Amma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, alƙalamin ya daɗe a hannuna. Akwai wuri a ƙasan takardar, daidai layi ɗaya. Shaiɗan ya fi taubashina iya fiƙihu nesa ba kusa ba: ya kawo mini ƙaulin malaman da suka ce kowace ƙasa da ganinta, ya tuna mini cewa lokacin da na ga tsuntsun ina kan hukuncin liman ne da zuciya ɗaya, ya tuna mini hanyar da na bi da tsoron da mai ɗakina ta kwana da shi. Sai dai na san Katuru da Shinkafi ba ƙasa biyu ba ne, na kuma san ban taɓa bin ƙaulin nan ba a rayuwata sai yau da nake da bukatarsa. Tawadar ta bushe a bakin alƙalami, na sake tsomawa, ta sake bushewa.

Daga nan na ƙirga layukan, na rubuta jimla, na ja layi a ƙarƙashinta. A gefen takardar, da ƙaramin rubutu irin na sharhi, na sa cewa an ji kukan gauraka a Katuru ranar ƙarshe, ba a gan shi ba. Bai shiga jimla ba. Na ɗauko farar takarda, na rubuta sabuwar shekara, na sa gauraka a layin farko, dinya da jinjimi suka bi shi, domin su ma na sake ganinsu da safen.

"Wallahi kai wahalalle ne," in ji taubashina, yana tashi. "Ka sa mu hanyar Shinkafi, ka sa ni cikin taɓo, ka zo ka rubuta babu."

"Ai kai ka samu."

"Ni tun gidan Alhaji na samu. Wanga na biyu ne. Bari in tambaya ko ana ƙirga na gida daban, na daji daban."

Ya fita yana danna waya. Na ji daga baya abokan nasa sun ce ba a yi, ya yi fushi da su kwana biyu.

Takardar shekarar tana cikin gafaka, tsakanin 'yan'uwanta. Ba na yawan buɗe ta. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda ya kamata ya yi wa mai shekaruna, kuma har yau in na tuna kujerar bayan nan ta mota sai na yi istigfari kafin zuciyata ta kwanta. Manoman Katuru sun aiko cewa gaurakin sun ƙara kwana kaɗan suka tashi, ba a san inda suka nufa ba.

Allah ya sa mu cikin masu faɗin abin da suka gani, ya kawo mana zaman lafiya a dazuzzukanmu da hanyoyinmu, ya mayar da kowane mai gudun hijira gonarsa. Wanda ya karanta wannan, Allah ya yi masa albarka shi da iyalinsa da duk wanda ke ƙarƙashin rufin gidansa, ya tsare musu idanunsu da harsunansu, ya cika mana da imani baki ɗaya. Amin.